Wa ya ɗora wa 'yar shekara 9 bindigar Uzi a hannu?

A Amurka akwai filayen koyon harbi da mutum zai je ya biya kuɗi a ba shi hayar bindiga, a tsayar masa da mai koyarwa a gefe, ya harba son ransa ya yi hoto ya tafi. Kasuwanci ne babba, musamman a kewayen Las Vegas inda 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa. To a ɗaya daga cikin irin waɗannan filayen, a wani wuri da ake kira White Hills a jihar Arizona, ranar 25 ga Agustan 2014, wasu iyaye suka kai 'yarsu mai shekara 9 aka ba ta ƙaramar Uzi, bindigar nan ƙirar Isra'ila da aka yi don yaƙi. Iyayen suna tsaye a baya suna ɗaukar bidiyo da waya. Mai koyarwar, tsohon soja ɗan shekara 39, ya gyara mata tsayuwa, ta harba harsashi ɗaya lafiya lau, sai ya murɗa bindigar ya mayar da ita kan ɓarin wuta ya ce ta harba. Tana danna kunama bindigar ta fi ƙarfinta, bakin ya ɗaga sama ya karkata hagu, daidai inda yake tsaye, harsashi ya same shi a kai. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti a Las Vegas amma rai ya yi halinsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai a labarin nan shi ne da farko iyayen ba su ma lura an harbi mutumin ba, kan yarinyar suka yi saboda ta saki bindigar tana riƙe da kafaɗa tana cewa ta yi mata ƙarfi. Yarinya ce fa. Shekara 9. Dokar filin a lokacin ta yarda yaro daga shekara 8 ya yi harbi in dai iyayensa na wurin, don haka babu wanda aka gurfanar, hukuma ta ɗauke shi a matsayin hatsarin wurin aiki shikenan. Daga baya 'ya'yan mamacin suka aika wa yarinyar saƙo suna rarrashinta cewa suna yi mata addu'a kada abin ya lalata mata rayuwa, kuma wallahi sun yi dattako, amma ni har yanzu manyan da ke wurin nake tuhuma, daga mai filin har iyayen, don su ne suke da hankalin da za su ce a'a.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, duk bindigar da ta fitar da harsashi sai ta tunkuɗo baya, kuma saboda hanyar da harsashin ke bi tana sama da inda hannu ya riƙe, sai bakin ya riƙa ɗagawa. In harsashi ɗaya ne kana da damar sake saiti. In kuwa ɓarin wuta ne, kafin ka gama jin tunkuɗar farko ta biyu ta zo ta uku ta zo, ƙaramar Uzi tana iya fitar da harsashi kusan 950 a minti ɗaya, wato wajen 16 a daƙiƙa guda, kuma ga wani abu, jikin ɗan adam in ya firgita damƙewa yake ƙara yi ba saki ba, sai yatsan ya ƙara manne wa kunama bindigar kuma ta ci gaba da tashi. Mutane suna ganin ƙaramar bindiga ta fi dacewa da yaro, alhali ita ce ta fi wuyar riƙewa, don gajeriya ce ba ta da nauyin da zai danne tunkuɗar, juyawa kaɗan bakinta ya kallo fuskar mai riƙe da ita.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba, shi ya sa abin ke ƙona min rai. A watan Oktoban 2008 a garin Westfield na jihar Massachusetts an yi wani taron baje kolin bindigogi masu sarrafa kansu, aka ba wa wani yaro ɗan shekara 8 Uzi wadda ta fi waccan ƙanƙanta, zai harbi kabewa da aka jera. Mahaifinsa likita ne a sashen gaggawa, yana bayansa da kyamara. Wanda aka sa ya kula da yaron shi kansa ɗan shekara 15 ne. Bindigar ta tashi ta juyo ta harbi yaron a kai. An gurfanar da wani shugaban 'yan sanda da ke cikin waɗanda suka shirya taron, kotu ta wanke shi a farkon 2011. Shekara shida tsakani, irin bindigar, irin shekarun, irin kuskuren.

To kar wani ya ce ai matsalar yara ce kawai. A watan Yulin 2016 a Sarasota ta jihar Florida wani dattijo da ya daɗe yana riƙe bindiga ya kai 'ya'yansa filin harbi na cikin gini. Ya harba, kwanson harsashin ya fito da zafinsa ya bugi bango ya faɗa masa cikin riga ta baya. Duk wanda ya taɓa jin garwashi ya faɗa masa a wuya ya san ba a shawara, hannu ne kawai ke tafiya. Hannun da ya kai baya kuwa shi ne mai riƙe da bindigar, yatsa na kan kunama, ta tashi harsashin ya bugi silin ya dawo ya sami ɗansa ɗan shekara 14, ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Uban nan bai tsaya kame-kame ba ya fito ya ce kuskurensa ne. Shi ya sa a filayen da suka san aikinsu ake hana riga mai buɗaɗɗen wuya da silifas, ake sa hula mai baki da gilashin kare ido, ake kuma ta nanata maka in kwanso ya ƙona ka to ka fara ajiye bindigar bakinta na kallon gaba tukuna, ƙunar ba za ta kashe ka ba.

Akwai ƙa'idoji huɗu da kusan duk mai koyar da harbi a can ya haddace, ana danganta su da Jeff Cooper, tsohon laftanar kanar na sojan kundumbalar Amurka da ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976. Ka ɗauka kowace bindiga akwai harsashi a ciki, kar ka bari bakinta ya kalli abin da ba ka shirya lalatawa ba, yatsanka kar ya shiga kan kunama sai ka gama saiti, sannan ka san abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Hikimar ita ce suna rufa wa juna asiri, in ka karya ɗaya sauran za su cece ka. Dattijon Florida da yatsansa na waje da ba abin da zai faru ko da ya juya bakin baya. Ta farkon kuma ita ce mutane suka fi rainawa, sai mutum ya zare magazin, wato gidan harsashin, ya ce ai babu komai, ya manta akwai ɗaya da ya riga ya hau yana jira. Haka in ka danna ba ta tashi ba, ba a leƙa baki a ga me ya faru, ana riƙe ta tana kallon gaba kamar daƙiƙa 30 don wani harsashin yana makara kafin ya kama.

Ni da na karanta ƙa'ida ta biyun nan hadisi ne ya faɗo min, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Akwai kuma umarnin cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Mun san wannan tun muna Islamiyya, amma duba yadda ake riƙe bindiga a wajenmu, a bayan mota a-kori-kura an kwantar da ita bakinta na kallon masu babur da ke bi a baya, ko a wurin biki ana harba ta toka a tsakiyar jama'a yara na gudu ta ƙarƙashin hayaƙin. Mu ba mu da filayen haya irin na Las Vegas, amma matsalar tsaro ta sa bindiga ta shiga hannun matasa da yawa, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, ga 'yan sa-kai da mafarauta a kusan kowane ƙauye. Bayin Allah nan suna sayar da ransu don mu kwana lafiya, kuma haƙƙinsu ne a kanmu a ba su horo na gaske mai maimaici, ba na rana ɗaya ba, a tsaya a kansu har sai cire yatsa daga kunama ya zama musu jiki, a kuma tanadar musu inda za su kulle bindigar in sun dawo gida, harsashi a wani wuri daban da yara ba su sani ba.