Aikin da ba ya fitowa a hoton talla

Aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne wata sabuwar unguwa a gefen Abuja, ta wajen hanyar filin jirgi, wadda aka tsara ta haɗa komai wuri guda: benaye na haya, gidajen iyali, jerin shaguna, ofisoshi, otal, makaranta, ƙaramin asibiti da masallaci. Ni aka damƙa wa hanya da lambatu da bututun ruwan sha da na ƙazanta, da kuma hanyoyin da wayar lantarki za ta bi ta ƙarƙashin ƙasa.

Wanda ya san Garki da Wuse da Maitama ya san yadda aka so birnin ya kasance. Hukumar raya babban birnin tarayya, wato FCDA, da aka kafa a 1976, ita ta shimfiɗa musu kwalta da magudanai bisa babban tsarin birnin na 1979. Ruwan famfo yana zuwa daga madatsar Usuma, ƙazanta kuma tana gangarawa ta bututu zuwa matatar Wupa. A unguwannin da suka biyo baya rabon fili ya tsere wa aikin gwamnati nesa. Sai ka tarar mai gini yana da takardar fili a hannu, amma babu babban bututu ko ɗaya da ya iso bakin katangarsa. Haka muka tarar da namu, don haka komai mu za mu samar: rijiyoyin burtsatse, tankin sama, ƙaramar matatar ƙazanta, da layin lantarki namu.

Rigimar farko a kan tsarin abin da za a fara ce. Alhajin da ya zuba kuɗin yana son babbar ƙofa da kwalta su fito da wuri, domin su ne masu saye ke gani su ba da kafin alƙalami. Ina fahimtarsa, da kuɗin masu saye ake ci gaba da aikin. Amma na ce masa: "Ranka ya daɗe, in aka zuba kwaltar nan yau, da hannunmu za mu farfasa ta." Bututun ƙazanta ba famfo ke tura abin da ke cikinsa ba, gangara ce kawai. Idan ka ba shi faɗuwar mita ɗaya a cikin mita ɗari, to bayan rabin kilomita ya nutse mita biyar, sai dai in ƙasar ma gangara take yi. Shi ya sa shi ke fara shiga, shi ya fi kowa zurfi, sauran kuma su kauce masa. Ruwan sha da waya suna iya lanƙwasa su hau su sauka, shi ba ya iyawa. Lambatu ya biyo, sannan bututun ruwan sha a sama da na ƙazanta kuma nesa da shi, don ko an sami yoyo kada ƙazanta ta shiga abin da mutane za su sha. Kwalta ita ce auta.

Alhaji ya yarda da rabi. Aka yi ƙofa, aka bar hanya da jar ƙasa har muka gama binne-binne. Ƙasar Abuja kuwa ba ta da tabbas: katafila tana cikin haƙa sai ta ci karo da dutse, dole a kira masu nakiya, kuɗi ya tashi. Kuma duk ramin da aka cike ba a daddaɓe shi hawa-hawa ba, santimita 15 zuwa 20 a kowane hawa, damina ɗaya za ta tona asirinsa, hanya ta lotsa daidai kan layin bututu.

Inda haɗa kasuwa da gidaje ya fi koya mini darasi shi ne lissafin buƙata. Gidaje suna jan ruwa da wuta da asuba da kuma bayan magariba, ofisoshi da rana, otal ba dare ba rana. Wannan alheri ne, domin tanki ɗaya da taransifoma ɗaya sukan ɗauki fiye da yadda za su ɗauka in kowa lokaci guda yake ja. Amma akwai abin da littafin Turai bai sa a lissafi ba. Ranar Juma'a, cikin abin da bai wuce sa'a guda ba, wurin alwala yana jan ruwan da ya fi na bene guda, motoci kuma su cika titin da aka auna don shaguna kawai. Muka ware wa masallaci tankinsa, muka faɗaɗa bakin hanyar wajen. Sai gidajen abinci: manja da man gyaɗa da kitse suna daskarewa a cikin bututu su toshe shi, kuma ba a shagon abin ke fashewa ba, a banɗakin mai gidan ƙasa da ke can gaba yake ɓullowa. Tun daga nan ba na yarda a haɗa wa mai abinci bututu sai ya gina ramin tare mai a bayan kicin. Asibiti da famfunan ruwa kuma muka sa su a layin da janareta ke ɗauka da zarar an ɗauke wuta.

Abu biyu masu arha sun fi komai yi mana rana. Mun binne bututun roba fanko a kowace mahaɗar hanya, ba mai shi. Da masu intanet suka zo da wayarsu, ta ciki suka zura, ba su taɓa kwalta ba. Na kuma tsaya sai da safiyo ya auna kowane bututu a inda ya kwanta da gaske kafin a rufe rami, domin zanen ofis daban, abin da lebura ya binne bayan ya kauce wa dutse daban.

Abin da har yau yake damuna shi ne ruwan sama. Dajin da muka share yana shanye mafi yawan ruwan da ya sauka a kansa. Rufin kwano da kwalta da daɓen siminti kuwa kusan duka suke kwararwa, kuma cikin mintuna. Lambatunmu ya kwashe shi tsaf, ya juye a wani rafi da ke bayan katanga, wanda ke ratsa ƙauyen Gbagyi da muka tarar a wurin. Kwalbatinsu ƙarama ce, an yi ta ne don rafin da. Na nemi a bar fuloti biyu a kwari a yi tafkin da zai riƙe ruwa ya riƙa sakinsa a hankali. An daɗe ana ja, domin fuloti biyu a Abuja ba ƙaramin kuɗi ba ne, daga ƙarshe aka bar ɗaya. Tafkin ya rage ƙarfin ruwan, amma a ruwan Agusta rafin yana haurawa kan kwalbatin, yaran ƙauyen su tsaya jira kafin su tsallaka zuwa makaranta. Yanzu duk aikin da aka kawo mini, kafin in buɗe zanen gine-gine, sai na bi rafin da ƙafa na ga gidan wa zai fara tararwa, kuma filin tafki yana shiga yarjejeniya tun kafin a sayar da fuloti na farko.