Matakala a gangaren lambu ba sai da siminti ba

Ni magini ne a Jos, ina da yara ma'aikata kaɗan, da baro da diga da kwanon sarki. Mafi yawan aikin da muke samu ba ginin gida ba ne, gyaran gangare ne. Garin nan a kan tsauni yake, sama da mita 1,200 daga teku, kuma wanda ya sayi fili a gefen dutse ya san yadda ake sauka lambu a watan Agusta: ƙafa ɗaya a ƙasa, hannu ɗaya a jikin bishiya.

Mutane kan zo su ce, "Malam, buhun siminti nawa zai ci?" Ni kuwa tambayata ita ce ina ruwa yake bi idan an yi sama. Matakalar da aka kashe wa kuɗi amma aka dasa ta a kan hanyar ruwa, damina ɗaya ta ishe ta. Ruwan zai rarake ƙasan da ke ƙarƙashi, simintin ya rage a rataye, daga nan sai tsagewa. Shi ya sa kafin a sa diga nake so a haƙa 'yar kwata a gefe, a jera mata duwatsu, a kuma tare ruwan tun daga sama a karkatar da shi. Wanda ya samu ciyawar jema ya dasa a bakin kwatar, ya huta, don saiwarta tana riƙe ƙasa sosai.

Awo ba wuya. Kafa turke a sama, kafa doguwar sanda a ƙasa, ja igiya, ka daidaita ta da tiyon ruwa irin na birkiloli. Daga ƙasa zuwa inda igiyar ta taɓa sandar shi ne tsayin gangaren, igiyar kuma ita ce tsawonsa. A ce tsayin gangaren ƙafa 10 ne, wato inci 120. Raba da 6, wato tsayin kowane mataki a inci, ka samu mataki 20. In tsawon ya kai ƙafa 24, kowane mataki zai samu wajen inci 14 na wurin taka ƙafa, wanda ya isa har ga mai ɗauke da bokitin ban ruwa. Abin da ba na sassautawa shi ne matakan su zama tsayi ɗaya. Ƙafa tana haddace hawan farko, in na bakwai ya ɗara da inci biyu, nan tsoho zai yi tuntuɓe.

Kayan aiki kuwa, abin da ke kusa da kai shi ne mai araha. Tsofaffin tayoyi suna jibge wajen masu faci, wani ma godiya zai yi ka kwashe. A kwantar da taya a ramin da aka sare mata, a cika ta da burji, a daɓe har cikin kumatunta, ta sama ta ɗan hau bayan ta ƙasa. In aka bar rami a ciki, ruwa ya kwanta, an yi wa sauro gida. Ba ta da kyan gani, na yarda, amma ba ta ruɓewa. Bulo mai inci tara ma yana yi, sai dai a binne inci uku nasa, a soka rodi a ramukan, a cika da ƙasa. Katako ne ba na so. Gara ba ta raga masa, kuma baƙin man da ake shafa masa bai kamata ya kusanci inda ake shuka latas da kabeji ba.

Daga ƙasa ake farawa a yi sama, kowane mataki ya ɗan sunkuya gaba kaɗan don ruwa ya zube. Bayan kamar mataki goma a bar fili na hutawa. In gangaren ya cika tsayuwa, a bi shi a karkace maimakon a miƙe.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Yaro, kana koya wa mutane aikinka, me za ka ci?" Na ce, "Baba, awo da kwata nake karɓar kuɗinsu, cikon tayoyi kuwa jikokinka ma za su iya." Inda nake hana mutum yi da kansa shi ne idan saran zai kai kusa da harsashin gida ko katanga, ko kuma ƙasar tana tsattsafo da ruwa ko da rani. Wannan sai an gina bango mai tare ƙasa, da ramukan fitar ruwa a jikinsa, kuma a nan kam sai an sayi siminti.