Raga ce, ba ado ba ce

Satin da ya wuce na kwashe akwatin sifanuna daga garejin da na yi shekara 9 a cikinsa a Agege, kuma tunda mutane na ta tambayata wai me ya haɗa ni da Oga, bari kawai in faɗa sau ɗaya in huta.

Wata tsohuwar Volkswagen Beetle ce ƴar 1971, ƙirar Jamus, ta wani Alhaji mai harkar shanu a Abbatuwa, motar babansa ce ya gada, yana ji da ita kamar ƙwai. Ya kawo ta wai sitiyari na rawa. Na sauke tankin mai, don a Beetle injin na baya, tanki ne a gaba kuma ƙarƙashinsa sandar sitiyari ke bi ta haɗu da bokis ɗin da ke juya tayoyin gaba, sai ga matsalar a fili: wannan ƴar ragar ƙarfen da ke ƙasan sandar tsatsa ta cinye ta har ta tsage gefe guda, kun san dai iskar Legas da ƙarfe.

Wanda bai sani ba zai ɗauka ragar nan rowar ƙarfe ce irin ta Bature. A'a. Motocin da, sandar sitiyarinsu ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe tun daga gaban mota har ƙirjin direba, in an yi karo gaba da gaba sai ta taso kamar mashi. Shi ya sa General Motors suka fara sa mai lanƙwashewa a motocinsu na 1967, Amurka ta mai da abin doka a 1968, ita ma Beetle daga ƙirar 1968 aka sa mata ragar. Aikinta kenan ta murƙushe ta shanye bugun, ita ta mutu maimakon kai.

Nace Oga a ba ni kwana biyu in shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, in nemo ƴar Beljiyam mai lafiya. Yace kai yaro, Alhaji na son motarsa ran Juma'a, yanko fayif ka zura a kai a bi da walda, ta fi sabuwa ƙarfi. Nace Oga ai ƙarfin ne ba a so a wurin. Ya kalle ni gaban yara yace tun kafin a haife ni yake kwance Beetle, tun ana haɗa ta a kamfanin Volkswagen na Ojo, nan Legas. To me zan ce? Na yi shiru na kai wa mai walda, ni na riƙe masa fayif ɗin da hannuna, har na goge na shafa baƙin fenti ya yi kyau. Wannan fentin shi ya fi ci mini rai har yau, don ɓoyewa na yi.

Wata huɗu bayan nan ɗan Alhaji ya ɗauke ta zuwa ɗaurin aure, wajen Oshodi wata danfo ta ci birki a gabansa ya daki bayanta. Ba wani gudu yake ba fa. Sitiyari ya same shi a ƙirji, haƙarƙari uku suka karye, Allah ya sa da sauran kwana. Da aka jawo motar gareji na leƙa, gaba ya lotse, amma fayif ɗina na nan ƙyam ko gezau bai yi ba.

Alhaji ya zo, bai ɗaga murya ba, tambaya kawai ya yi wa ya yi wannan aikin. Oga ya nuna ni yace yaran yanzu ba sa jin magana, shi bai ma san an yi walda ba. Wallahi sai da na ji ƙasa na juya mini. Nace Alhaji ka yi haƙuri, hannuna ne ya yi. Iyakar abin da na faɗa kenan, kuma gaskiya ne, sai dai rabinta ce.

Don haka masu tsofaffin motoci, in za ku canja sandar sitiyari ku nemi mai raga ko mai shigewa cikin juna wadda ta dace da ƙirar motar, kar wani ya lallaɓe ku da tsohuwar sanda miƙaƙƙiya don ta fi araha. In kun je Ladipo ku kankare fentin da wuƙa ku duba, irina suna da yawa. Mai shigewa cikin juna kuma ba a dukan kanta da guduma wajen cire sitiyari, ƴan robobin da ke riƙe ta a ciki karyewa suke. A sa bel, ko sandar ta fi kowacce kyau. In oga ya ba ka umarnin da ranka bai kwanta da shi ba, ka sa ya maimaita gaban mai motar.

Ragar kuwa daga baya na samo ta, yini ɗaya tak ya ɗauke ni a Ladipo, da kuɗina na saya na kai wa Alhaji har gida. Shekaranjiya Oga ya kira ni sau uku, yara sun ce wata Beetle aka kawo yana neman lambar mutumin da ya sayar mini. Na tura wa ƙaramin yaron gareji lambar, wayar Oga dai ban ɗauka ba.