Godiya ga ayarinmu, musamman mutanen baya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mu 34 muka shiga hamada, mu 34 muka fito. Yau kwana tara da dawowa, amma har yanzu in na kakkaɓe jaka sai yashi ya zubo. Tun a hanya na ɗauki alkawarin rubuta wannan saƙo a bainar jama'a, domin godiyar da na yi ranar rabuwa ba ta kai ko'ina ba. Kowa na neman kayansa, kowa na ɗaukar hoto, ni kuma ina ta "na gode, na gode" kamar wanda aka miƙo wa canji. Ba zan kama sunan kowa ba tunda ban nemi izini ba, amma duk wanda nake nufi zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, kwana shida muka yi a hamada a kan ƙananan baburan nan na sikuta, irin su Vespa da danginta, masu wurin ɗora ƙafa a gaba. Waɗanda suka yi mini dariya kafin tafiya suna da gaskiyarsu. Tayar irin wannan babur inci 10 ce ko 12, alhali baburan da aka ƙera don jeji tayarsu ta gaba inci 21 ce. Babbar taya hawa kan yashi take yi, ƙarama kuwa kutsa kai take yi ciki kamar gyare. Ga tanki ɗan ƙarami, ga ciki kusa da ƙasa. Ita kanta Vespa, da kamfanin Piaggio ya fito da ita a Italiya a 1946, don titin gari aka yi ta. Daren farko da wani ya kawo wannan magana, sai madugunmu ya ba mu labarin tseren Paris zuwa Dakar na 1980, inda Vespa huɗu suka shiga, biyu suka isa Dakar. Ya ce, "Su tsere suka yi. Ku kuwa abin da nake so da ku kawai shi ne kowa ya kwana inda ɗan'uwansa ya kwana."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kwana ukun farko ni ne sarkin ƙorafin ayarin nan. Wanda bai taɓa tafiya da mutum talatin da ɗoriya ba, ba zai gane ba. Zuba mai daga jarka zuwa tankuna 34 kusan awa guda yake ci. An gama, an ce a tashi, sai wani ya ce bai ga safar hannunsa ba. An gano ta, sai babur ɗin wani ya ƙi tashi. Duk inda aka tsaya sai an yi ƙidaya, kowa ya faɗi lambarsa da bakinsa kamar 'yan firamare. Tawa 19 ce, kuma da ita aka san ni har aka rabu. Ba a wuce madugu. Ba a manne wa na gaba, sai an bar tazara don ƙura ta lafa. Wanda ke bayanka amanarka ne, in ka duba madubi ba ka ga fitilarsa ba, ka tsaya. A mararraba kuma, duk wanda madugu ya nuna da hannu zai tsaya ya riƙa nuna wa na baya hanya, ba zai motsa ba sai mai kore baya, wato na ƙarshen layi, ya iso ya ɗaga masa hannu. Na ji dokokin nan, na ma gyaɗa kai, amma a raina ina cewa wannan ai ɗaure mutum ne da igiyar wani.

Madugu, Allah ya saka maka da alheri. Na yi gunagunin tashin asuba har ka ji, ba ka tanka ba, sai da rana ta take ka ce in taka yashin da ƙafata. Da safe, da sanyi da ɗan danshin dare, yashi a daddale yake, taya na samun abin kamawa. In rana ta dafa shi sai ya saki, ya zama kamar gari. Kai ka koya mana rage iskar taya kafin shiga rairayi don tayar ta baje, da sake bugawa kafin hawa duwatsu don kada wili ya lotsa. Kai ka yi ta maimaita mana: a ja jiki baya, a riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, a sa ido can nesa ba kan taya ba, kuma yatsa kada ya kusanci birkin gaba. Na kusance shi sau ɗaya, na ci yashi da baki. Kuma a wurinka na fara jin cewa abin da muke gani a hoto ba shi ne yawancin hamada ba. Ko Sahara da girmanta, tudun yashi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, saura tsakuwa ne da fako da duwatsu. Hannuwana sun shaida, don gargadar hanyar tsakuwa ta fi yashi wahalar da mu.

To, ranar ta huɗu.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana muka iso wata mararraba da ba ta da alamar komai, sawun taya ne kawai ya rabu biyu. Madugu ya nuna ni. Na tsaya, mutane suka yi ta wucewa ina nuna musu dama, har layi ya yanke. Na san akwai sauran mutum bakwai da mai kore baya. Na jira minti ashirin, na jira talatin, shiru. Ban san tayar ɗaya daga cikinsu ce ta yi faci ba. Babu inuwa ko ta tafin hannu, hular kwano ta zama tukunya. Wani abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu: tun safe nake rage shan ruwa da gangan, wai don kada in riƙa tsayawa. Sai zuciya ta ce mini ai sawun a bayyane yake, makaho ma zai bi. Na tara duwatsu uku a gefen dama, na tada babur, na tafi.

Ban yi nisa ba iska ta taso. Ba guguwa ba ce ta a zo a gani, iska ce mai jan yashi ƙasa-ƙasa, amma ta isa ta share sawun mutum 25 kamar ba a taɓa bi ba. Na bi abin da na ɗauka hanya ce, ashe gindin wani busasshen rafi ne. Tayar baya ta nutse. Maimakon in sauka in tura, sai na yi ta murza totur, inji na kuka, taya na haƙa wa kanta kabari, har na ji ƙaurin roba, sai wani ƙas! Bel ya tsinke. Da na kashe inji, shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Waya babu sabis. Ruwan da ya rage mini bai kai lita ɗaya ba. Can nesa kawalwalniya na sheƙi, ga wani tudu da nake ji kamar in na hau zan hango su. Abu ɗaya tak na yi daidai a ranar: na tuna an ce wanda ya ɓata kada ya bar babur ɗinsa, don babur ya fi mutum saurin ganuwa, kuma sawunsa shi ake bi. Na rataya rigata a kan madubi, na cusa kaina a ɗan inuwar babur, na zauna ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ƙanina mai kore baya, a nan maganarka ta shigo. Kwana huɗu kana shan ƙurar mutum 33, kai ne ƙarshen isowa, kai ne ƙarshen cin abinci, ban taɓa ce maka ko sannu ba. Daga baya aka ba ni labari. Kun iso mararraba ba ku tarar da kowa ba, duwatsuna uku yashi ya rufe su. Wasu suka ce a bi dama, wasu hagu. Ka ce babu mai motsawa. Ka tara mutanen nan bakwai wuri ɗaya, ka ɗauki oba-oba, rediyon magana na hannu, ka kira gaba, ka ce a tsaya a yi ƙidaya. Aka ƙidaya, aka zo 19 aka ji shiru. Da ka yi abin da na yi, ka bi zato, da mutum tara ne za a nema ba ɗaya ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Sai Hajiya mai lamba 20. Hajiya, ki yafe mini. Ke ce amanata a madubi, kuma ke ce na fi yi wa tsaki, don ba kya sauri, kowane tudu sai kin tsaya kin dube shi kafin ki hau. An ce da aka bazu neman sawu, maza na ta hangen nesa, ke kika sauka kina tafiya a ƙasa a sunkuye, har kika ga inda tayata ta karce gefen wani dutse a bakin rafin nan. Da mota ta iso inda nake, bayan kusan awa biyu, fuskarki na fara gani. Ba ki ce komai ba sai "Ƙanina, ka ga ka bar ni babu mai duba ni." Kika warware mayafinki, ku biyu kuka riƙe mini shi a kai. Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

Ma'aikaciyar jinyar ayari, na gode, ko da yake a lokacin haushinki na ji. Ina neman in kafa kai a jarka, kika hana, kika ce kurɓi-kurɓi. Kika sassauta mini tufafi, kika jiƙa ƙyalle kika sa a wuya da hammata, kika sa ana yi mini fifita, kina ta tambayata sunana da wace rana ce yau. Na ɗauka raini ne. Da daddare kika yi mana bayani cewa ruɗewar tunani ita ce alamar da kike tsoro, domin in zafin jiki ya haura digiri 40 kuma mutum ya fara sambatu, magana ta wuce hutawa a inuwa, sai asibiti cikin gaggawa. Kika ce a busasshiyar iska gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, shi ya sa mutum ke ƙarewa bai sani ba, kuma launin fitsari ya fi ƙishirwa faɗin gaskiya. Ruwan gishiri da sukari da kika ba ni, na riƙe ma'auninsa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Makanikai biyu, oga da yaronsa, yabon gwani ya zama dole. Daren nan barci ya ƙi zuwa, na fito daga tanti wajen ƙarfe ɗaya. Sanyi kamar ba nan ne aka gasa mu da rana ba, don inda babu gajimare babu danshi, zafin ƙasa tserewa sama yake yi da zarar rana ta faɗi. Sai na tarar da ku kun shimfiɗa leda, babur ɗina a kwance, murfin bel a buɗe, tocila a goshi. Oga na tsince guntayen roba ɗaya bayan ɗaya, kowane noti yana jefa shi cikin gwangwani don yashi ba ya mayar da abin da ya haɗiye. Yaron kuma na bin babura yana kwance matatar iska yana kakkaɓewa. Na tambaya, ya ce ai kullum haka suke yi, duka 34, don ƙura in ta shiga inji cinye shi take yi kamar faifan wasa wuƙa. Mu da safe sai dai mu taɓa maɓalli mu ji ya tashi, mu ce babur ɗin nan akwai lafiya. Na ce, "Oga, ka yi haƙuri, ni na ƙona shi." Bai ɗago ba ya ce, "Yallaɓai, riƙe mini tocilan nan."

Direbobin motocin ruwa da mai da kaya, masu girki, da samarin da ke kafa tanti kafin mu iso su kwashe bayan mun tashi, har su bi su tsince ledar da muka yar, Allah ya biya ku. Sauran 'yan ayari da na ci wa awa uku na hasken rana, har aka fasa zuwa tudun da kowa ke ɗokin kallon faɗuwar rana a kai, ban ji wanda ya goranta mini ba. Washegari da aka zo ƙidaya na ce 19, sai kowa ya amsa da "Alhamdu lillahi" baki ɗaya, aka fashe da dariya. Abin ya zama al'ada har ranar ƙarshe, kuma na san na cancanta.

Masu shirya tafiya, shawara ɗaya zan bayar, ba don in rage laifina ba. Layin mutum 34, in kowa ya bar tazarar ƙura, yana miƙewa ya yi tsawon da na gaba ba ya sanin halin da na baya ke ciki. Da za a raba shi biyu, kowane da jagoransa da mai kore bayansa, ko aƙalla a riƙa miƙa wa mai tsaron mararraba oba-oba da ƙarin ruwa, da wanda aka bari shi kaɗai a rana zai san me ya tsayar da na baya. Ni dai da na ji muryar mutum ta ce mini "faci muke yi, jira," ina jin da ban motsa ba. Ina jin, na ce, ban rantse ba.

Iyalina, da kuka kwana shida kuna duban waya, labarin da na ba ku a gida gajere ne, wannan shi ne cikakken. Uwargida, na san za ki karanta, a yi mini sassauci.

Hajiya mai lamba 20, mayafinki yana wurina. A ruɗanin ranar aka cusa shi cikin jakata, an wanke an goge, sai dai akwai ɗan tabon baƙin mai a gefe ɗaya da ya ƙi fita. Ki turo mini saƙo ta akwatin sirri in san yadda zan aiko miki. Akwai kuma sifana mai lamba 10 da na tsinta a aljihun rigata, ina kyautata zaton ta Oga ce.