Yini Guda Cikin Kurmi a Tsakiyar Damina

Duk wanda na gaya wa zan shiga kurmi a ƙafa a tsakiyar damina, shawara ɗaya yake ba ni: ka bari ruwa ya ɗauke mana tukuna. Ban ga laifinsu ba, domin taɓo da santsi da sauro ba ƙarya ba ne. Sai dai da damina ne daji yake farkawa, ƙoramu su kawo, ganye ya yi shar, abin da ya ɓuya a ƙasa tun rani ya fito. Na yi imani sabon shiga ma zai iya wannan tafiya ya dawo lafiya, muddin ya yarda da abu ɗaya tun daga gida: ba shi ne zai yanke lokacin juyowa ba, ruwa da agogo ne za su yanke.

Mu kaɗan ne, yawancinmu ba mu taɓa irin wannan tafiya ba, sai ja-gora, wani dattijo mai ƙarancin magana wanda ya san kurmin kamar yunwar cikinsa. Hanyar da ya zaɓa mana ba ta kai kilomita 10 ba zuwa da dawowa, ba hawan tudu mai yawa, kuma ƙarshenta wani wuri ne da ruwa ke zubowa daga kan dutse. Akwai wani tsohon lissafi da masu tafiyar ƙafa suke amfani da shi, wanda William Naismith, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, ya fito da shi a 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Lissafi ne na mai ƙarfi a busasshiyar hanya. Ja-gora ya ce mu ninka shi biyu saboda taɓo, kuma da tsaye-tsayen da muka yi a hanya abin ma ya wuce haka. Kafin mu ɗaga ƙafa ya sa mana doka: ƙarfe 1 na rana, ko mun isa ko ba mu isa ba, za mu juyo. Dalilinsa biyu. A ƙasashe masu zafi hadari ya fi haɗuwa bayan rana ta take, in ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai laima ta hau sama. Sannan a ƙarƙashin manyan itatuwa duhu yana riga na fili shigowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun dare na haɗa kaya. Abin da ya fi kome amfani a jakata shi ne wanda ya fi kome araha, wato babbar leda da na shimfiɗa a ciki na zuba kayan sannan na ɗaure bakinta. Busasshiyar riga da safa suna cikin wata ledar dabam, waya cikin wata. Na sa riga mai dogon hannu da dogon wando na nailan, na bar na auduga a gida, domin auduga in ta jiƙe tana riƙe ruwa ta manne a jiki ta riƙa zuƙe ɗumi. Takalmi kuma wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, mai gargada a ƙasa. Sai rigar ruwa, tocila, usur, filasta da bandeji, maganin shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET, guzuri marar nauyi, da ruwan sha lita 2. Na sauke taswirar wurin a waya, tunda GPS, mai nuna inda mutum yake, yana aiki ko ba sabis, in dai taswirar tana ciki. Na kuma gaya wa mutanen gida inda za mu, da lokacin da in ba su ji ni ba ya kamata su nemi taimako.

Mun shiga da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Abin da ya fara tarbarmu ƙamshi ne, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zaune cikin ƙasa suke samar da sinadarin da ake kira jiyosmin, ruwa in ya sauka sai ya tayar da shi cikin iska, kuma hancin ɗan Adam yana jin sa ko da ɗan mitsitsi ne. Sai kuma sauti. Kwaɗi daga kwari, tsuntsaye daga sama inda ido ba ya kaiwa, da ɗigar ruwa daga ganye zuwa ganye, alhali ruwan jiya tun dare ya tsaya. Na tsaya kan wani faɗaɗɗen kututture da naman kaza ya lulluɓe, fari da ja da ruwan ƙasa, hawa-hawa. Dodon koɗi yana jan jiki a gefe, ƙadandoniya ta naɗe da muka matso. Wata daga cikinmu ta miƙa hannu za ta tsinki naman kazan, ja-gora ya ce, “'Yata, kalla da ido. Mai guba da marar guba kama suke yi.” Wannan gaskiya ne, akwai nau'in da ke lalata hanta, kuma dafawa ba ta kashe gubarsa.

Tafiya a jiƙaƙƙen kurmi sana'a ce ta kanta, kuma ƙafa ce take koyo, ba kai ba. Cikin awar farko na gane cewa taɓo ba shi ne abin tsoro ba, yana ɓata takalmi amma yana riƙe ƙafa. Masu kayar da mutum su ne saiwar itace da ta fito fili, da dutsen da gansakuka ta rufe, da jan yumɓu a gangara. Sai ka taka tsakanin saiwoyi, ba a kansu ba. Ka rage tsawon taku, ka sauke tafin ƙafa gaba ɗaya, ka ɗan lanƙwasa gwiwa. Gangara ta fi hawa haɗari, nan ne sanda take zama ƙafa ta uku. Kada kuma ka kama reshe don tsira daga santsi sai ka dube shi, wani ruɓaɓɓe ne, wani ƙaya, wani tururuwa ta cika shi. Mun ci karo da jerin kwarkwasa sun yanke hanya, muka tsallake da sauri ba wanda ya tsaya kallo.

Matsattsaku su ne suka fi tayar wa mutane hankali, alhali su ne mafi ƙarancin illa cikin abubuwan da muka haɗu da su. Na ga ɗaya a ƙwaurina ne kawai da muka zauna hutu, ya riga ya ƙoshi, ban ji cizonsa ba. Ja-gora ya hana a sa masa gishiri ko wuta, domin hakan na iya sa shi ya amayar da abin cikinsa a cikin ciwon. Ya nuna mini in danna fatar gefe, in zura farce ƙarƙashin siririn bakin in ture shi. Jinin ya daɗe yana tsattsafowa, saboda yawunsa yana ɗauke da sinadarin hirudin mai hana jini daskarewa. Na wanke, na danne, na manna filasta, shi ke nan. Daga nan kowa ya cusa ƙafar wando cikin safa. Dabarar nan kuma tana rage kaska.

Da hantsi muka iso wata ƙorama da hanya ta ratsa. Ruwan garai-garai, iyakarsa idon sawu, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Muka tsallake muna raha. Na lura ja-gora ya tsaya, ya nuna mana wani dutse mai faɗi a tsakiyar ruwan, wanda samansa ke bushe. Ya ce, “Ku riƙe shi a ranku. In mun dawo shi za mu tambaya.”

Wajen ƙarfe 12 da rabi iska ta sauya. Tsuntsaye suka yi tsit, haske ya dushe, saman itatuwa ya fara kaɗawa. Muna kan wani ɗan tudu a lokacin, har muna jiyo rugugin ruwan da muka zo gani. Aka yi walƙiya, ja-gora ya ɗaga hannu yana ƙirga da yatsu har tsawa ta biyo. Sauti yana cin kusan kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, saboda haka tazarar da ke tsakanin walƙiya da tsawa ita ke nuna nisan hadarin. In ba ta kai daƙiƙa 30 ba, wato kimanin kilomita 10, kana cikin inda aradu za ta iya sauka. Ya ce mu juya.

Wani saurayi ya ce, “Baba, saura kaɗan fa, ga shi muna jin ƙararsa.” Abin da ke ran kowa ya faɗa, har da ni. Dattijon bai yi gardama ba, cewa kawai ya yi, “Ruwan nan yana nan gobe, yana nan baɗi. Mu sauka.” Har yanzu ina ganin wannan ita ce daraja mafi girma ta tafiya da wanda ya san daji: ya yanke hukunci a lokacin da zuciyar kowa take neman hujjar ci gaba.

Muka bar kan tudu da sauri. Ya raba mu, tazara mai kyau tsakanin mutum da mutum, don in aradu ta faɗo kada ta haɗa da kowa. Ya hana mu raɓar itacen da ya fi saura tsawo, ya kai mu gangare inda itatuwa suke gajeru kuma kusan kai ɗaya, bayan ya ɗaga kai ya duba ba mataccen reshe a samanmu. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan: a waje babu wurin da yake amintacce daga aradu, rage haɗari kawai ake yi. Shi ya sa duba hasashen yanayi da fita da wuri suka fi duk wata dabara da za a yi bayan hadari ya riga ya taso.

Ruwa ya tsuge. Da farko ganyen sama ya tare mana, daga baya ya sako shi gaba ɗaya, hanyar da muka bi ta koma magudana. Muna tsugune cikin rigunan ruwa, kuma duk da haka ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba: hazo yana tashi daga ƙasa, kowane ganye yana rawa, ƙarar ta cika kunne har ba ka jin na kusa da kai. Sannan sanyi ya shigo. Mutane suna ɗauka sai a ƙasar ƙanƙara sanyi ke illa, amma jiƙaƙƙen jiki da iska da gajiya sun isa su sauke zafin jiki ƙasa da digiri 35, inda haɗari yake farawa. Wanda ya sa rigar auduga a cikinmu shi ya fara karkarwa. Aka sa ya sauya busasshiya, ya ci wani abu, ya motsa jiki, ya dawo daidai. Muka jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin mu kama hanya.

Da muka dawo ƙoramar, dutsen nan ya ɓace. Ruwan ya zama ja, yana gudu da ƙarfi, yana ɗauke da ganye da karyayyun rassa, kuma kana jin duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashi. Faɗinsa bai ƙaru sosai ba, abin da ke yaudarar mutane ke nan, ana ganin ɗayan gefen kusa. Amma ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle wanda ya haura gwiwa. Ƙaramar ƙorama tana kawowa da sauri ko da a tudu can nesa aka yi ruwan, tana kuma janyewa da sauri in ya tsaya. Ja-gora ya kafa tsinke a bakin ruwan, ya ce mu koma sama kaɗan mu zauna.

A nan ne na ga amfanin juyowa da wuri. Da mun ƙarasa inda muka nufa, da sai dab da faɗuwar rana za mu iso ƙoramar, a gajiye, duhu na matsowa, kuma a irin wannan hali ne mutum yake cewa bari in gwada. Mu kuwa muna da sauran rana a hannu, jira bai zama tashin hankali ba. Muka ci guzuri, muka matse safa, muna kallon ruwan yana barin tsinken a hankali. Bayan fiye da awa guda kan dutsen ya leƙo, launin ruwan ya fara washewa. Muka tsallake ɗaya bayan ɗaya, da takalmi a ƙafa, fuska tana kallon inda ruwan ke fitowa, sanda a gaba, ana jan ƙafa gefe-gefe, an kuma kwance maɗaurin jaka na ƙugu don in mutum ya faɗi ya iya yar da ita.

Maciji ba mu gani ba, ko da yake damina lokacin yawonsa ce. Ƙa'idar da aka ba mu gajeriya ce: kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba. In an yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a kai mutum asibiti inda ake da maganin dafi. Ruwan ƙorama ma ba mu sha ba duk da kyansa da safe, domin ruwan sama yana wanko kashi da fitsarin dabbobi cikinsa. Wanda ya rasa yadda zai yi, ya tafasa shi ya yi minti 1 yana tafasa.

Mun fito da la'asar, taɓo har gwiwa, ba wanda ya ji ciwo. A gida na duba jikina sosai saboda kaska, musamman bayan gwiwa da hammata da ƙugu da cikin gashi. In an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, kada a murɗa. Na wanke ƙafa na busar har tsakanin yatsu, na cusa takarda cikin takalmi na ajiye shi a inuwa mai iska. Sannan na sa ido a kan jikina na wasu makonni, domin zazzaɓin cizon sauro yakan bayyana ne kwana 10 zuwa 15 bayan cizon. Wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon kai ko ciwon gaɓoɓi bayan irin wannan tafiya ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita cewa ya shiga kurmi, ya taka ruwa.