Ciyawa a kan tsohon filin kuza

Shekaranjiya na dawo Kano, har yanzu sanyin Jos bai bar ƙashina ba. Bijimai na je dubowa don ina ɗan taɓa turka a bayan gida, kuma wani abokin cinikina ya haɗa ni da wani dattijo Bafulatani da ke kiwo a gefen Bukuru, ƙasar kuza da ke kusa da Jos.

Bayan asuba muka tashi daga tashar Unguwa Uku, muka bi Kwanar Dangora, Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore. Can gaba a wani shinge wani mai kaki ya sauke mu kaf, ya zazzage jakata a ƙasa ko sannu babu, sannan ya koma yana daka wa wata tsohuwa sa'ar kakarsa tsawa. Wallahi abin ya ci mini rai har Saminaka.

Wanda bai ga ƙasar kuza ba ba zai gane ba. Tuddan jar ƙasa tsirara, a gindinsu ruwa kwance shuɗi, mai zurfin da ke cin mutum da dabba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa ke tone wurin, suna wanke ƙasar da ruwa su tsame kuza, har farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Ƙasar sama mai rai ta binne, ta ƙasa mai tsakuwa ta hau kai. Nan take na tuna kududdufanmu na cikin birni da aka haƙa don ginin ƙasa. Mu namu da shara muke cike su, mu dasa gini, ruwan damina ya rasa wurin zama ya shigo mana ɗaki.

Dattijon ya tare ni da kindirmo da fura, ya hana ni maganar ciniki sai na ga filinsa. Muka fara bi ta wata gonar itacen turare, irin wanda aka dasa bayan an baje tuddai, tun da dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa gyara wurin da aka tona. Itatuwa dogaye gwanin sha'awa, amma ƙarƙashinsu busasshen ganye ne kawai.

"Ɗan nan," ya ce, "ka taɓa ganin saniya ta ci turare?"

Na ce, "A'a, Baba."

Muka ƙarasa nasa. Gamba har kafaɗata, kyasuwa na kaɗawa, a kan ƙasar da ya ce da ko tsinke ba ta fitarwa! Da fartanya shi da 'ya'yansa suka baje ta, suka ja kunyoyi a gicciye don kada ruwa ya kwashe. Sai ya riƙa kwanar da shanu a wuri guda, in taki ya taru ya matsa gaba. A cikin kashin shanun ma irin ciyawa ke zuwa. Da ruwa ya sauka ya tsago gindin gamba ya dasa, ya kewaye da ƙerana, damina biyu bai bar kofato ya taka ba. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni, don na san kuɗin harawa a Kano lokacin bazara, na san yadda ido ke rufewa in dabba na kukan yunwa. Muna tsaye makwarwa ta tashi fir daga ƙafarmu, zomo ya ratsa. Ya ce zabin daji ma sun dawo, kuma ya hana yaransa ɗana musu tarko.

A bakin ruwan kuwa Hausawa 'yan lambu ne, suna zuba tokar juji a kabeji da karas. Dankalin Turawa na saya a hannunsu, arhar da ta sa na ji haushin farashin kasuwar 'Yankaba ta Kano.

Bijimi ɗaya muka daidaita da dattijon, ya yi mini ragi ban roƙa ba. Na kwana Jos, na biyo mota da safe. Gindin gamba uku da ya ba ni suna cikin bokiti a tsakar gida, ina jiran ruwan farko.