Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Lamba 14

Makon jiya na tsaya a ranar da aka ɗauke ni aiki a gidan ceton karnuka, aka miƙo min takalmin roba da buroshi, aka haɗa ni da wani dattijo da kowa ke kira Baba.

Sai da na yi wata guda kafin na gane wankin keji ma da tsarinsa. Ƙarfe bakwai muke farawa, kuma ba a bin wanda ya fi haushi. 'Yan kwikwiyo ne farko, sai manya masu lafiya, sai sababbin zuwa. Ɗakin marasa lafiya shi ne ƙarshe, in ka shige shi ba ka komawa baya. Duk saboda cutar fabo ne, wadda aka fara sani a 1978. Amai da gudawar jini take sawa, tana iya kayar da kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma takan yi watanni a daɓe ba ta mutu ba. Sabulu ba ya mata komai. Sai an kankare ƙazanta tas, a zuba bilic, awo 1 cikin ruwa awo 32, a bar shi minti goma. Minti goman nan na tsana, domin Baba agogo yake dubawa.

Wata safiya aka kawo karya a cikin bargo. An tsince ta ɗaure a bayan wani kango, igiya ta ci wuyanta. Haƙarƙarinta ana ƙirgawa daga nesa, kunnuwa cike da kaska, ƙazwa ta cinye gashin gindin jela. Ko gurnani ba ta yi ba. Aka zagaya na'ura a bayan wuyanta ko tana da ɗan guntun shaida, wato abin nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata. Shiru. Aka sa ta a keji na 14, sunan ya bi ta.

Abincin da likita ta rubuta mata bai cika tafin hannuna ba. Sau shida a rana, wai. Na dubi kwanon, na dubi idon dabbar, raina ya ɓaci. A zuciyata na ce rowa ce kawai aka yi wa ado da takarda. Da azahar, da na ga tsakar gidan ba kowa, na ciko kwano fal na nufi kejinta.

Ban kai ga ajiyewa ba na ji an riƙe min hannu.

"Kai yaro, kashe ta za ka yi?"

"Baba, yunwa fa take ji."

"Na fi ka gani. Garin neman gira za ka rasa ido. Mayar."

Likita ce ta zaunar da ni daga baya, kuma ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya ƙarar da ajiyarsa. In abinci ya shigo da yawa lokaci guda, sinadarin insulin yakan tashi, ya janye fosfarus da fotasiyam daga jini zuwa cikin tsoka. Daga nan sai kasala, sai farfaɗiya, wani lokaci zuciya ta tsaya, kuma ba lallai a ranar ba, sai bayan kwana biyu ko uku, kana murna ka yi taimako. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ni aka ɗora wa ciyar da ita, ina jin da gangan Baba ya yi. Kowace safiya na ɗora ta a sikeli na rubuta. Ba na kallon cikin idonta, ba na miƙa hannu ta saman kanta, gefe nake zama in ba ta kafaɗa. Kwana tara ba ta kula ni ba. Ran na goma ta ɗora haɓarta a kan takalmina, ƙafata ta yi sanyi amma na ƙi motsi.

Bayan mako shida ta murje, gashi ya fito ja-ja-ja, an yi mata allurar haukan kare da maganin tsutsa. Wasu ma'aurata suka zo sau biyu, suka amsa tambayoyin nan da ke gundurar mutane: akwai katanga, wa ke gida da rana, akwai yara. Saura fiɗiya, domin ba ma sallamar karya ta je ta haihu, cikin kwana 63 ne kacal a dawo mana da shida a kwali.

Ana shirin aikin likita ta ce in sake zagaya na'urar, wannan karon har ƙasa, don abin yakan zame daga mazauninsa. Na bi wuya, na bi baya, na gangaro kafaɗar hagu.

Na'urar ta yi ƙara. Lambobi 15 suka fito a fuskarta.

Likita ta ajiye safar hannunta, ta ce, "Baba, a dakatar da mutanen nan tukuna. Tana da mai ita."

Mu haɗu mako mai zuwa.